Albashi ɗaya, fuska biyu: abin da ke sa malamin jami'a ya ji daɗin aikinsa a Gana

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa a Aboabo, Kumasi. Ya kusa kammala digirin digirgir, kuma akwai alamar za a ɗauke shi koyarwa a jami'ar gwamnati. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne malaman da ya sani sun kasu biyu: wasu fuska a sake, suna son aikin kamar ba sa gajiya, wasu kuma kullum ƙorafi da neman hanyar fita waje, alhali matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya. Yana son sanin abin da ya raba su kafin ya sa hannu a takarda.

Ɗan'uwa, Allah ya sa ka kammala lafiya. Amsar a dunƙule ita ce: kuɗi ne ke hana malami baƙin ciki, amma abin da ke sa shi farin ciki shi ne ya mallaki lokacinsa, kuma ya yarda cewa ana yi masa adalci. Waɗannan biyun kuwa ba a fadar shugaban jami'a ake yanke su ba, a ƙaramin sashen da za ka zauna ne. Shi ya sa mutum biyu masu albashi ɗaya za su rayu rayuwa iri biyu.

Bari in fara da kuɗin, tunda shi kowa ke fara tambaya. Tun shekarar 2010 ma'aikatan gwamnati a Gana suke kan tsarin albashi na bai-ɗaya, hukumar daidaita albashi ce ke zama da ƙungiyoyin ma'aikata, ciki har da UTAG, ƙungiyar malaman jami'o'in gwamnati. Abin da malami ke karɓa kashi uku ne: ainihin albashi, da ƙarin da ake ba ƙwararru don kada su gudu, da alawus-alawus, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne na littattafai da bincike, sau ɗaya a shekara, ana lissafa shi da dala a biya da sidi, kuɗin Gana. Rigimar da ta kai ga yajin aikin watan Agusta na 2021, da wanda aka fara ranar 10 ga Janairu 2022 ya ɗauki wajen mako shida, tushenta ɗaya ne: malamai sun ce a sharuɗɗan 2012 sabon lakcara yana samun abin da ya kai dala 2,084 a wata, amma faɗuwar sidi ta cinye shi. Shekarar 2022 ɗin ma ta ƙara tabbatar da maganarsu. An shiga shekarar dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshenta ta haura 14 a wani lokaci, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Ka ɗauki mai sidi 6,000 a matsayin misali: a Janairu dala dubu ce a hannunsa, a Nuwamba ba ta kai ɗari biyar ba, ba tare da an rage masa ko kobo a takarda ba.

Wannan ya fi yi wa malamin jami'a ciwo fiye da sauran ma'aikata, domin rabin kayan aikinsa da dala ake saye. Kuɗin rajistar taron ilimi, tikitin jirgi, sinadaran ɗakin gwaji, kwamfuta, kuɗin da wasu mujallu ke karɓa kafin su buga bincike, duk dala ne. Idan sidi ta faɗi, cefanen gida da ci gaban aiki suna raguwa tare.

Sai dai akwai wani abu da masana halayyar ma'aikata suka daɗe da lura da shi. Frederick Herzberg, wani masani a Amurka, ya bayyana a 1959 cewa abubuwan da ke hana ma'aikaci jin haushin aiki daban suke da waɗanda ke sa shi son aikin. Albashi, ofis, wutar lantarki da tsarin hukuma suna rukuni na farko: idan sun lalace mutum zai ƙi aikin, idan sun gyaru zai daina ƙorafi kawai. Son aikin kuwa daga cikinsa yake fitowa, wato ganin sakamako, girmamawa, da ƙaruwar ilimi. A ganina wannan ya dace da jami'o'inmu ƙwarai. Ƙarin albashi yana kwantar da hankali na 'yan watanni, daga nan mutum ya saba da shi. Abin da ba a sabawa da shi shi ne jinkiri. Malamin da ya san ranar da alawus ɗinsa zai shigo zai tsara rayuwarsa ko da kuɗin kaɗan ne. Wanda ya yi wa mai gida alkawarin watan Agusta, kuɗin bai zo ba sai Nuwamba, ya sha kunya, kuma kunyar nan ba ta fita da wuri.

Yanzu mu zo kan abin da na fi so ka zauna ka yi nazari a kai, wato lokaci.

Aikin malamin jami'a ƙafa uku gare shi: koyarwa, bincike, da hidimar jami'a da al'umma. Koyarwa ce ke cin lokaci, bincike ne ke kawo ƙarin girma. Duk damuwar aikin tana cikin wannan saɓanin. Ma'aunin da hukumar kula da manyan makarantu, GTEC, ta gada daga hukumar da ta gabace ta shi ne malami ɗaya ga ɗalibi 27 a fannonin zamantakewa da kasuwanci, 18 a kimiyya da injiniyanci, 12 a likitanci. A manyan jami'o'in gwamnati akwai sassan da suka ninka wannan sau da yawa. Karatun sakandare kyauta ya fara a Satumba 2017, rukunin farko suka fito a 2020, suka cika ƙofofin jami'o'i, alhali ɗaukar sabon malami sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izini, kuma izinin ba kullum yake zuwa ba. Malami ya yi ritaya, kujerarsa ta zauna babu kowa, darasinsa a raba wa waɗanda suka rage.

Ka yi wannan lissafin da kanka. Aji mai ɗalibi 600, jarrabawa ta rubutu, kowace takarda ta ci maka minti takwas idan za ka karanta ta tsakani da Allah. Minti 4,800 ke nan, wato awa 80, mako biyu cur na aiki ba ka taɓa komai ba. Darasi ɗaya ke nan, jarrabawa ɗaya, ban da ta tsakiyar simesta, ban da shigar da maki a kwamfuta, ban da ɗaliban da za su zo suna cewa makinsu ya ɓace. Ka leƙa ofishin irin wannan malamin a ƙarshen simesta: ɗaurin takardun amsa a kan teburi, a kan kujerar baƙi, har ƙasa jikin bango, kowane ɗauri da roba, jan biro ya ƙare an ɗauko na biyu, ga kofin shayi ya huce tun safe. Rubutun binciken da ya fara watanni huɗu da suka wuce yana nan a shafi na uku. Sannan ga ɗaliban shekarar ƙarshe da yake duba wa kundin bincike, wani lokaci goma sha, kowa da babi biyar.

Abin da ke faruwa daga nan sananne ne. Malami ya koma tambayoyin zaɓi-ɗaya don na'ura ta duba, ya san ɗalibansa ba su koyi rubutu ba, abin yana cinsa a rai. Ya daina sanin sunan kowa. Daɗin koyarwa kuwa yana cikin ganin fuskar ɗalibi lokacin da abu ya faɗa masa, kuma a zauren mutum 600 da makirufo mai ƙara ba a ganin fuska.

Amma yawan aiki shi kaɗai ba ya karya mutum. Wani masani, Robert Karasek, ya nuna a 1979 cewa aikin da ya fi illa shi ne mai nauyi wanda kuma mai yin sa ba shi da ta cewa a kansa. Likitan da ya zaɓi yin tiyata goma da magatakardan da aka jibga wa fayil goma ba gajiya iri ɗaya suke yi ba. A jami'a ma haka ne. Malamin da ya san darussansa tun wata biyu kafin a buɗe makaranta, darussan kuma a fanninsa suke, aka bar masa kwana biyu a mako babu aji, zai ɗauki kaya mai nauyi yana murmushi. Wanda aka kira ranar Juma'a aka ce ranar Litinin zai fara darasin da bai taɓa koyarwa ba, kuma kowace shekara ana canza masa, kullum a farkon shiri yake. Darasi sabo yana cin awa uku zuwa biyar na shiri kafin awa ɗaya ta aji. A shekara ta uku ta koyar da shi, shirin ya ragu ƙwarai, lokacin bincike ya samu. Saboda haka canza wa sabon malami darasi kowace shekara daidai yake da hana shi ƙarin girma, ko da ba da nufi aka yi ba.

Wa ke raba darussa? Shugaban sashe. Wa ke sa ka a kwamitin jadawali, da na jarrabawa, da na karɓar masu tantance kwasa-kwasai? Shi ne. Wa ke fara sa hannu a takardar neman ƙarin girmanka da ta hutun karatu? Shi ne dai. Ba na jin akwai mutum ɗaya da ke da tasiri a kan walwalar malami kamar shugaban sashensa. Sa'ar da aka yi ita ce kujerar ta wa'adi ce, tana zagayawa. Amma ɗabi'ar sashe ta fi shugaba daɗewa: inda aka saba raba aiki a fili a taron sashe, kowa ya ga nauyin kowa a takarda ɗaya, ƙorafi kaɗan ne. Inda ake rabawa a ɓoye, ko da rabon daidai ne, zargi ba ya ƙarewa.

Daga nan sai ƙarin girma. Tsanin a bayyane yake: mataimakin lakcara, lakcara, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Kowace jami'a tana da kundin da ya faɗi shekarun da za ka yi a mataki da adadin binciken da za ka buga. Fayil ɗinka zai tashi daga sashe zuwa tsangaya, zuwa kwamitin naɗi da ƙarin girma, sannan a aika rubuce-rubucenka ga masu tantancewa na waje, farfesoshin wasu jami'o'i. A nan ake yawan makalewa. Mai tantancewa yana da nasa takardun 600, ladan aikin kaɗan ne, sai fayil ya kwana watanni a teburinsa. Idan babu jami'in da ke bibiya ya canza shi bayan wa'adi, shekara za ta wuce. Mai fayil kuma ba a gaya masa komai, yana ganin wanda suka miƙa tare an taya shi murna. Mutum yana iya haƙura da a ce masa bai kai ba, a nuna masa inda ya gaza. Shirun ne ke sa shi fara duba tallan aiki a Afirka ta Kudu ko Ingila.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko mujallun bogi, masu aiko saƙo suna yabon mutum, su karɓi dala su buga cikin mako biyu ba tare da wani masani ya duba ba. Kwamiti zai watsar da su, kuɗi da aiki sun tafi, sunan mutum kuma ya ɓaci. Kafin ka aika komai, ka tambayi ɗakin karatu ko mujallar tana cikin jerin da jami'arka ta amince da shi. Na biyu shi ne aikin gefe. Karatun ƙarshen mako, na nesa, na lokacin hutu, da koyarwa a jami'a mai zaman kanta duk suna kawo kuɗi nan take, kuma wanda haya ta matsa ba za a zarge shi ba. Amma kowace Asabar da ka sayar, daga bincikenka ka cire ta. Bayan shekara takwas za ka ga mutum yana lakcara har yanzu, ƙannensa sun wuce shi, kuɗin gefen kuma an cinye. Shawarata ita ce ka ƙayyade wa kanka: aikin gefe ɗaya, na wani wa'adi, don wata buƙata da ka ambata da suna.

Waɗanda ka gani fuska a sake, idan ka bincika, yawancinsu suna cikin wata ƙungiyar bincike mai rai. A Legon, wato Jami'ar Gana da ke Accra, akwai cibiyar binciken likitanci ta Noguchi da aka kafa a 1979, da WACCI mai aikin inganta iri, da WACCBIP mai nazarin ƙwayoyin cuta. A Kumasi akwai KCCR mai binciken cututtuka. Irin waɗannan wurare suna samun tallafi daga waje, suna da janareta, da kayan gwaji, da ɗaliban digiri na biyu da na uku masu ɗaukar wani ɓangare na aikin. Amfaninsu ya wuce kuɗi: mutum yana da abokan tattaunawa, yana da wanda zai karanta rubutunsa kafin ya aika, yana da babba da zai ce masa wannan tallafin ka nema, wancan ɓata lokaci ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko a fannin tarihi ko harsuna, inda babu ɗakin gwaji, malamai huɗu da suka ware safiyar Laraba don rubutu tare suna fin wanda ke fama shi kaɗai nisa. An kafa dokar asusun bincike na ƙasa a 2020, amma sabon malami ya fi saurin samun ƙaramin tallafi daga ofishin bincike na jami'arsa, kamar asusun KReF a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Ka fara da nan.

Gida da hanya magana ce gajera amma mai nauyi. Gidajen cikin jami'a ba su isa ba, layi ake bi. Dokar haya ta 1963 ta ce kada kuɗin gaba ya wuce na wata shida, masu gidaje kuwa shekara biyu suke nema. Wanda ke Ayigya ko Oforikrom zai isa KNUST cikin mintuna, kamar yadda na Madina yake kusa da Legon. Wanda ya tafi Kasoa don arha zai ba hanya awa uku ko huɗu kullum, ya iso aji a gajiye. Ƙaramin gida kusa ya fi babba nesa a shekarun farko.

Sai abin da ya shafe mu, 'yan Zango, wanda ba za ka same shi a takardar sharuɗɗan aiki ba. Ranar da aka ji ka zama Dakta, unguwa za ta ɗauka ka zama mai kuɗi kuma mai buɗe ƙofa. Lokacin ɗaukar ɗalibai wayarka ba za ta huta ba: ɗan wane bai samu gurbi ba, 'yar wance tana son a canza mata kwas, ga neman ɗakin kwana. Kawu zai zo da kansa da takardar sakamako a cikin leda, ya ce, “Malam, kai muke da shi.” Ga suna, ga aure, ga gudummawar masallaci da ta makarantar allo, kowane da sunanka a sahun gaba. Wannan abu fuska biyu gare shi, kuma ina faɗa da gaske. Yana daga cikin mafi daɗin abin da ke cikin aikin: yarinyar da ta ga ɗan unguwarsu a gaban aji ta yarda ita ma za ta iya, wannan ba a sayensa. Amma idan ba ka sa iyaka ba zai cinye albashi da lokaci, har ya kai ka ga roƙon abin da doka ta hana. Tun farko ka bayyana wa dangi cewa gurbi da maki ake samunsa, kai abin da za ka iya shi ne ka zauna da yaro kafin ya cike fom ka nuna masa kwas ɗin da makinsa zai kai. Ka ware wa hidimar dangi wani kaso sananne a wata, idan ya ƙare ya ƙare. Zancen sallar Juma'a da azumi kuwa mai sauƙi ne idan an yi shi da wuri: akwai masallaci a Legon da KNUST, kuma mai tsara jadawali zai iya kauce maka ƙarfe ɗaya na Juma'a idan ka faɗa kafin ya fitar, ba bayan ya fitar ba.

Ga 'yan'uwa mata da za su karanta wannan, nauyin ya fi haka. Shekarun da ake son a buga bincike su ne shekarun haihuwa da raino, kuma dokar ƙwadago ta 2003 mako 12 ta tanada a matsayin mafi ƙarancin hutun haihuwa. Sau da yawa kuma su ake tura wa ɗalibai masu matsala da kwamitocin walwala, aikin da ke cin rai amma ba ya ƙirguwa sosai a fayil. Hanyar dai ta buɗe: Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta shugabanci jami'ar Cape Coast daga 2008, Farfesa Rita Akosua Dickson ta karɓi KNUST a 2020, Farfesa Nana Aba Appiah Amfo ta karɓi Legon a 2021. Abin da ke sauƙaƙa wa mace a aikace shi ne miji da dangi masu ɗaukar raino da gaske, da sashen da ba ya sa taro ƙarfe biyar na yamma.

'Yancin faɗin ra'ayi ma yana cikin lissafi, kuma a nan Gana tana da abin alfahari. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ambaci 'yancin ilimi ƙarara a sashe na 21. Da aka kawo ƙudurin dokar jami'o'in gwamnati a 2020, malamai suka ga zai ƙara wa gwamnati iko a kan majalisun jami'a, suka tsaya a kan ƙin sa, bai kuwa zama doka ba. Malamin da zai rubuta abin da bincikensa ya nuna a kan galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ko bashin ƙasa ya kwana a gidansa lafiya yana da wata ni'ima da takwarorinsa a wasu ƙasashe ba su da ita.

Kafin ka sa hannu, ka je sashen da ƙafarka, gani ya kori ji. Kada ka tsaya a ofishin shugaba. Ka nemi malami biyu da aka ɗauka cikin shekara biyar da suka wuce, ka ja su waje ku ci wake da shinkafa, ka tambaye su: darasi nawa suka koyar a simestar farko, ɗalibi nawa a kowane, an ba su 'yan bautar ƙasa masu taimakawa ko babu, an canza musu darasi a shekara ta biyu ko an bar su. Ka tambayi wanda aka ƙara wa girma na ƙarshe wata nawa fayil ɗinsa ya yi a hanya. Ka tambayi yaushe wani ya tafi hutun bincike na shekara, da wanda ya riƙe masa darussansa. Ka duba ko ƙofofin ofis a buɗe suke da rana ko kowa ya gama aji sai ya kama mota. A ofishin ma'aikata kuma ka nemi a rubuta maka ko izinin ma'aikatar kuɗi ya fito a kan kujerarka, domin idan bai fito ba za ka iya yin watanni kana koyarwa kafin albashin farko ya shigo, sannan ka tambayi tsarin fanshon da za a sa ka, GUSSS na ma'aikatan jami'o'i ne ko SSNIT na ƙasa baki ɗaya, tunda ritaya a shekara 60 take kuma lissafinta daga watan farko yake farawa.